Dakan Iya Tambai

Ranar wata Laraba da safe, a wani gari, dakan Iya Tambai ya fara hana wani tsohon malami sakat, don bango ɗaya ya raba gidajensu. Laraba daka, Alhamis daka, Juma'a ma daka.

Malam ya kai ƙara wurin mai unguwa. "Shekara talatin ina koyar da natsuwa! Dole a tara jama'a ta ba ni haƙuri."

Aka tara jama'a. Iya Tambai ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da agogo. Sai Malam ya kaɗa tsohuwar ƙararrawar makarantarsa da asuba nake ɗaukar taɓarya."

Jama'a suka ce, "Ashe shi ke tayar mana da jarirai!"

Mai unguwa ya ce, "To Malam, ga jama'a sun taru. Bismillah, muna saurarenka."