Saurayin da Waya Ke Aika

Ranar da Marnie Petrak ta fara ganin Terrell Boyd, zagin kwamfuta take yi.

A wani ɗan ɗaki ne na laburaren unguwarsu a birnin Toledo na Amurka, irin wanda ake ara wa mai son shiru. Ta goge farar rigarta, ta gyara gashi, ta zauna jiran wanda zai yi mata tambayoyin ɗaukar aiki. Ashe babu kowa. Tambaya kawai ke fitowa a rubuce, agogo na gudu a gefe, ita kuma tana ta magana da fuskarta a allon kwamfuta. Tana tsakiyar amsa aka katse ta. Kafin ta ɗauki jaka saƙo ya shigo: an gode, amma ba ta dace ba.

"Wa ya ce ban dace ba? Uban wa ya gan ni?" Ta buga murfin kwamfutar. "Na gama jami'a, na iya zane, sai wani banzan inji ya kore ni ban ko rufe baki ba!"

Tana buɗe ƙofa ta ga wani dogon saurayi a jingine, da jakar kai abinci a baya, yana haɗiye dariya.

"Me ya ba ka dariya?"

"Yi haƙuri. Ni ne na gaba. Ni ma wulaƙancin na zo karɓa."

Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta zauna tana juya wata mujalla har ya fito ba. Bai daɗe ba kuwa. Suka zauna a matakalar waje, ya fito da burito, wani naɗin fulawa da nama da wake da mai oda ya fasa karɓa, ya raba biyu. Ya ce sunansa Terrell, kuma shi a intanet ya koyi rubuta manhaja, darussan kyauta, tsakanin wannan aike da wancan.

"Ke sun ce ba ki da gogewa, ni sun ce ba ni da takarda," in ji shi. "Da za a haɗa mu, da sun samu mutum guda cikakke."

Sai a lokacin ta yi dariya, ta kuma lura cewa idanunsa ma dariya suke yi.

Sun yi musayar lamba kafin su rabu. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Masifaffiya, inji ya ƙi ki, amma ni na duba amsoshinki. Kin ci. Yaushe za ki fara aiki?"

"Wane aiki, Dogo?"

"Cin rabin abincina har abada."

Haka suka shaƙu. Yana jiran oda a ƙofar gidan abinci yana turo mata abin dariya, ita kuma tana zana shi a kan takardar goge baki, ƙafafu har sun fi kekensa tsawo.

Mahaifinta, Stan Petrak, tsohon ma'aikacin masana'antar gilashi ne, kuma jigo a ƙungiyar ƙwadago kafin ya yi ritaya. Tun rasuwar matarsa Irene, Marnie ce kaɗai gare shi. Ranar Lahadi da Terrell ya zo cin abinci, tsohon ya bari sai da ya cika baki da kabeji kafin ya fara.

"Waye shugabanka a wurin aiki?"

"Waya ce ke turo aiken, Yallaɓai."

"In mota ta buge ka, wa zai zo asibiti? Wayar?"

Terrell ya haɗiye kabejinsa, ya ci gaba da cin abinci. Bayan ya tafi, Stan ya ce, "Yaro ne mai ladabi, ban musa ba. Amma ba zan ba wa wanda waya ke aika 'yata ba. Ga Garrett nan, ɗan Misis Vance ta coci. Yana da ofis, yana da inshorar lafiya."

"Baba, inshora zan aura?"

"Sai kin yi ciwo za ki san amfaninta."

Garrett Vance ya iya shiga, ya iya murmushi, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. A zuwansa na biyu ya kawo mata albishir: kamfaninsu na talla, Larkwood, yana ɗaukar matasa koyon aiki na wata uku. Babu albashi, amma wanda ya yi ƙoƙari za a riƙe shi. Marnie ta daɗe tana neman ƙofar da za ta buɗe. Ta danna "na yarda" a ƙasan doguwar yarjejeniyar ba tare da ta karanta ba, kamar yadda kowa ke yi.

Aikin ya ba ta mamaki. Za ta yi zane ta ɗora. Sai manhajar kamfanin ta yi nata, ita kuma ta gyara, ta rubuta dalilin gyaran. Kullum haka. Babu wanda ya taɓa zama kusa da ita ya koya mata wani abu.

Da ta ba Terrell labari a bakin kogi, sai fuskarsa ta canza.

"Zumata, ba koyon aiki kike ba. Koyarwa kike. Wanda zai hau kujerarki kike koya wa, kuma kyauta."

"Kishi ne ke damunka, don Garrett ne ya samo min."

"Garrett ai na san abin da yake nema. Ni maganar kamfanin nake."

"To me kake so in yi? In sayi keke in bi ka kai shinkafa gidajen mutane?"

Tana faɗa ta yi nadama. Ya dube ta, ya gyara igiyar jakarsa, ya tafi. Washegari ta rubuta masa, "Dogo, bakina ya yi kuskure." Bai amsa ba. Ta sake, shiru. Sai fushi ya maye gurbin nadamar. Ta ce a ranta, in magana ɗaya ta isa ta kore shi, ya je.

Wata uku na cika, ta tashi da safe ta tarar shafin aikinta ya ƙi buɗewa. Saƙo ɗaya aka tura musu su duka masu koyon, ko suna babu a sama: an gode da gudummawa, babu gurbi a halin yanzu. Ta kira Garrett.

"Haba Marnie, ai kin samu abin rubutawa a takardar neman aiki," ya ce. "Af, akwai wani sabon gidan cin abinci, in zo in ɗauke ki?"

Ta kashe wayar.

Bayan sati biyu, tana tuƙa mahaifinta zuwa ganin likita, wata bas ta tsaya kusa da su a fitilar ba da hannu. A jikinta an manna tallan gidan burodi: hannayen mace biyu suna murza ƙullu, ƙaramin yatsan hagu a karkace. Stan ya ƙura ido. Ya san yatsan nan. Ƙofar mota ce ta datse shi tun kafin a haifi Marnie.

"Hannun Irene ne," ya ce a hankali. "Ke kika zana?"

"Ni ce, Baba. Injinsu ya sauya launi kawai."

"Sun biya ki? Sun sa sunanki?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba a kan sitiyari.

Ranar ba a ga likita ba. Stan ya kira Larkwood: danna ɗaya, danna biyu, kiɗa, sai wata murya mai zaƙi ta ce ba ta fahimci tambayarsa ba. Ya sa ta kai shi ginin da kansa. Ƙofar sai da kati, babu mai gadi, babu mai karɓar baƙi, sai wani ɗan allo a bango yana tambayar yadda zai taimaka.

"Mutum nake nema!" tsohon ya daka tsawa. "Mutum mai kunne! Hannun matata kuka sace!"

Allon ya roƙe shi ya ba da maki kan gamsuwarsa.

Ya dawo mota yana haki. Ya ce, "A zamaninmu in manaja ya cuce ka, ka san ƙofar ofishinsa, ka san motarsa. Ku wa za ku kama? Yaron nan Terrell ya faɗa miki gaskiya, ko?"

"Ya faɗa."

"Nemo min shi."

Ta rubuta: "Dogo, ka fi ni gaskiya. Sun kore ni, sun kuma saka hannun Mama a jikin bas. In ka daina sona, faɗa min da bakinka, kada ka yi min irin nasu."

Amsa ta zo nan take: "Masifaffiyata, ban daina ba ko na minti ɗaya. Washegarin faɗanmu wani ya yi ƙarya cewa ban kai abincinsa ba, aka rufe min aiki, babu wanda zan kai wa ƙara. Ko kai shinkafar da kika raina na rasa. Kunya ce ta hana ni magana. Ina kike?"

A garejin kawunsa suka same shi, tare da wasu masu kai abinci da aka rufe musu aiki haka nan. Yana haɗa musu ɗan shafin da gidajen abincin unguwa za su karɓi oda kai tsaye. Shafin yana aiki, amma muninsa ya kai a rufe ido.

"Wa ya zaɓi wannan koren?" Marnie ta tambaya tana share hawaye. "Matsa min."

Stan kuwa ya saurari hayaniyarsu, kowa na magana a kan kowa, sai ya buga tebur. "Ba haka ake taro ba! Wa ke jagora? Wa ke rubutawa?" Tun daga ranar ya zama ba ya fashin zuwa garejin.

Zanen Irene bai dawo ba. Lauyan da suka gani ya ce abin da ta danna ya ba kamfanin komai. Stan har gobe in ya ga bas ɗin yakan kawar da kai yana ƙunƙuni. Shafin su Terrell kuma bai mai da kowa attajiri ba, amma gidajen abinci suna ƙaruwa, kuma duk wanda aka yi ƙararsa sai an zaunar da shi an ji ta bakinsa.

Da kaka ta shigo, Terrell ya sa kwat ɗin aro ya zo gidan.

"Yallaɓai, har yanzu ba ni da inshora."

"Na sani. Muna kan maganarta a taron Laraba. Zauna, ɗana. Me ka zo tambaya?"

A zauren ƙungiyar ƙwadago aka yi bikin aurensu bayan an fito daga coci. Tsofaffin matan unguwa suka kawo firogi, wato ƙunshin fulawa da dankali a ciki, goggonnin Terrell suka kawo kaza da makaroni da cuku, aka yi ta gardamar na wa ya fara ƙarewa. Kekuna sun cika ƙofar zaure.

Stan ya miƙe da kofi a hannu.

"Na yi wa yaron nan kallon banza, na kuma gode Allah da 'yata ba ta jin magana. Terrell, Marnie, Allah ya ba ku aikin da za a san sunanku a cikinsa. Ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai. In kun yi faɗa, ku yi shi ido da ido, ku shirya kafin abinci ya huce."

Zauren ya amsa da amin da tafi. Terrell ya sunkuyo, don sai ya sunkuya yake kai wa kunnenta.

"Misis Boyd, za ki yi rawa da ni?"

"In ka taka min riga, Dogo, za ka ji masifa."

Ya kama hannunta, suka shiga fili.