Shuɗin Ɗigo a Kan Taswira

Auta ta dire wayarta a kan teburinsa da ƙarfi, har kofin shayinsa ya girgiza.

"Ranar da aka kwantar da Mama a asibiti, wa ya gaya maka ina can?"

Injiniya ya ɗago daga kwamfuta da murmushin nan da ya saba kashe mata jiki.

"Haba zuciyata, ba na faɗa miki ba? Jikina ne ya ba ni..."

"Kar ka ƙara ce min jikinka! Don girman Allah kar ka ƙara!"

Ɗakin na'urorin sanyi ƙalau, amma ita gumi take yi.

Wata goma ke nan da ta kama aiki a teburin karɓar baƙi na kamfanin. Ran farko aka ce ta kai wayarta wurin Injiniya, mai kula da na'urori, a haɗa ta da saƙonnin ofis. Ya miƙo mata takarda shafi huɗu, ta sa hannu ko layi ɗaya ba ta karanta ba. Ina ta ga ta karatu, ido na kan dogayen yatsunsa?

Daga nan abin mamaki ya fara. Ruwa ya tare ta a tashar bas, sai ga shi da laima. Mota ta lalace da su a hanya, sai ga shi ya faka a gefe. Ranar asibiti kuwa, ko Yayanta bai iso ba Injiniya ya iso. Baiwar Allah ta ɗauka haɗin jini ne, ta faɗa sonsa tsundum.

Yaya ne kawai bai yarda ba.

"Auta, mutumin da kullum ya san inda kike bai tambaya ba, ko aljani ne ko ɗan leƙen asiri."

Sati biyu ta yi tana gaba da shi a kan maganar nan. Ta kafe, ta yi kuka, ta ƙi abinci, har gida suka haƙura. Saura wata biyu aure.

Sai yau da safe sakatariyar manaja, wadda duk ofis an san ta daɗe tana mutuwar son Injiniya, ta ja ta gefe ta nuna mata hoton allon kwamfutarsa da ta ɗauka a ɓoye. Taswira ce, da shuɗin ɗigo, ga sunan Auta a ƙasansa.

"Ni dai tausayinki nake ji, ƙawata."

Tausayi! Har da lashe baki take faɗa. Amma hoton bai yi ƙarya ba.

Yanzu ga shi a gabanta, murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Faɗa min gaskiya," ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Kowa a nan saƙonnin aiki kawai na haɗa masa. Taki kuwa... na sa mata tsarin wayoyin kamfani. Wanda ake ganin inda waya take."

"Tun yaushe?"

"Tun ran farko."

"Innalillahi..."

"Sonki ne, Auta! Wallahi sonki ne! Ban iya tsara mace ba, ban san ta inda zan fara ba. Na ce sau ɗaya zan duba. Sai abin ya bi jikina."

Ta matso kusa da teburin.

"Ranar da na ce maka ina gida, alhali ina shagon agogo ina zaɓa maka kyauta?"

Ya kau da kai.

"Ka sani ke nan. Amma da na ba ka, har da dafe ƙirji, har da 'ban taɓa zato ba'. Ni kuwa sakarya, kwana uku ina murna."

Agogon na nan ɗaure a hannunsa. Ya ja hannun riga ya rufe shi.

"Cire min abin nan daga wayata."

"Auta, tsaya... In na cire, komai zai goge. Tsarin ba ya bari a kwashe komai zuwa wani wuri. Hotunanmu, lambobinki... da muryar Baba."

Nan ne ta ji kamar an soka mata wuƙa. Saƙon murya ɗaya marigayi Babanta ya bar mata a duniya, kuma a wayar nan yake.

"Ki bar shi haka, masoyiyata. Na rantse ba zan ƙara dubawa ba."

Ta dube shi, hawaye na bin kumatunta.

"Ta yaya zan sani? Jikina ne zai ba ni?"



Ta ɗauki wayar, ta kara a kunne. Muryar tsohon ta fito da 'yar tarinsa: "Autata, ki ci wani abu kafin ki fita, kin ji ko?" Ta saurara sau biyu. A na uku ta kasa.

Ta ajiye wayar, ta zare zobensa ta ɗora a gefenta.

"Danna."

"Auta..."

"Na ce danna!"

Ya danna. Allon ya yi baƙi, ya sake kawo haske fes, yana yi mata maraba kamar bai taɓa saninta ba.

Da aka tashi aiki ta tsaya a tashar bas, hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke. Sau uku ta kama kanta tana waigen kwanar da yake ɓullowa da laima. Babu kowa. Yau duk faɗin garin ba wanda ya san inda take, kuma abin da ta roƙa ke nan. To me ya sa zuciyarta ke ciwo haka?

Ta ciro wayar za ta kira Yaya, ta ce masa ya yi gaskiya, ya zo ya ɗauke ta.

Babu lamba ko ɗaya a ciki.

Ta tsaya ruwa na dukanta, tana laluben ƙwaƙwalwarta. Lamba ɗaya tak ta haddace a rayuwarta, kuma ta Injiniya ce.