Marin da ke Rumbun Amidu

Dab da magariba Malam Mashud ya fita da ƙunshin tsumma a hammata. Ya ce wa gwaggonsa Awawu bayan gari zai leƙa. Ƙunshin kawai ta bi da ido.

Shi ke koyar da tarihi a wata makaranta a Salaga, a shekarar 1937. Ya sa ɗalibai su tattaro tsofaffin kayan gidajensu a adana a aji, kada su salwanta. Duk Alhamis kuma yakan kai su share tsofaffin rijiyoyin gari, yana ce musu fatake ne suka haƙa don jakunansu. Bai taɓa faɗa musu cewa nan ake wanke bayi, a shafe su da man kaɗe, kafin a kai su kasuwa ba. Da ya shiga rumbun kakansa Amidu neman abin da shi ma zai kai, sai ya tarar da marin ƙarfe uku, irin na ɗaure ƙafar bayi. Ɗaya ƙarami ne, daidai ƙafar yaro.

Su ya ɗauko zai jefa a rijiya.

An yi ruwa da rana, ciyawa jiƙe take. Kwaɗi na ta kuka. Yana isa gindin kukar da rijiyar take, suka yi tsit.

Ya kwance ƙunshin, ya saki ƙarafan. Ya saurara. Bai ji faɗuwarsu ba.

Sai warin tsohon man kaɗe ya taso, gauraye da gumi. Can ƙasa wani ya fara kwara ruwa, ƙwarya bayan ƙwarya. Sarƙa ta ja a kan dutse.

Ya so ya ja da baya. Wani abu mai sanyi ya zagaye idon sawunsa, ya matse.

"Jikan Amidu," in ji muryar yaro, ƙasa-ƙasa. "An ce kai ke sanin labarin da. Ina ne garinmu?"

Muryar ta sake tambaya.

"Wa ya haife ni?"

"Ban sani ba," ya ce da ƙyar.

Aka fara jansa. Gwiwarsa ta bugi bakin rijiya. Ya ƙanƙame saiwar kuka, farcensa na karyewa.

Daga cikin gari ladan ya ɗaga murya.

Aka sake shi.

Ya isa gida da takalmi ɗaya. Marin nan uku na zube a ƙofar ɗakinsa, ruwa na ɗiga daga jikinsu. Gwaggo Awawu ta ce mahaifinsa ma sau biyu yana jefarwa, suna dawowa. Yaron, in ji ta, daga wajen Bawku aka kawo shi, ya mutu a bakin rijiyar, ba wanda ya tambayi sunansa.

Ranar Alhamis Malam Mashud ya aje ƙarafan gaban ɗalibai. Ya faɗi aikin rijiyoyin, ya faɗi sunan kakansa, idonsa a ƙasa. Sai Mahamudu, wanda ke zama a baya, ya ce a hankali, "Malam, kakata Fulera tana da tabo zagaye da ƙafa. Ta ce ƙuna ce."

Da la'asar Malam Mashud ya je gidan su Mahamudu, ya durƙusa a ƙofar Fulera, ya yi sallama, ya faɗi ko jikan wane ne shi. Yana jin motsinta a ciki. Ya ci gaba da durƙuso yana jira.