Takin Kawu Sada

"Umma, me ya sa rafinmu yake warin masai?"

Ummulhairi ce ta tambaya daga gadon asibiti, allurar ƙarin ruwa a hannunta. Mahaifiyarta, Insfekta Naja'atu, ta gyara mata mayafi. Yara goma sha ɗaya ke kwance a ɗakin da amai da gudawa, duk daga unguwa ɗaya a Hunkuyi.

Da hantsi rahoto ya iso caji ofis: matatar ƙazamin ruwa ta bayan gari ta tsaya kwana biyar. Can ake tara ruwan kwata da na kasuwa a rufaffen tanki. Dagwalon ya ruɓe ya ba da gas, gas ya tayar da injin, injin ya juya famfunan tacewa, zafinsa kuma ya ɗumama tankin.

Shugaban ma'aikatan wurin ƙanin mahaifiyar Naja'atu ne, Kawu Sada, wanda ya goya ta. Ya ce mata laifin Yahuza ne mai kula da injin, ya fi son shayi da aiki.

Yahuza ya rantse injin lafiyarsa ƙalau, abinci ya rasa. Ya nuna mata ma'aunin gas a kwance. Ta hau tsani ta leƙa: tankin ya sauka ƙasa da rabi.

"Wa ke riƙe da makullin bututun kwashewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, ni ƙarami ne a nan."

A bayan katanga ta ga sawun amalanke, da baƙar laka da ta ɗiga a hanya. Ta bi shi a ƙafa har hanyar gonaki. Masarar kowa ta yi ruwan ɗorawa saboda tsadar taki, ban da gona ɗaya, shar da ita. Ta san gonar. A cikinta ta koyi yin shuka.

Ta sami Kawu Sada a ƙarƙashin mangwaro. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta tambayi wane taki ya sa bana. Ya ce na shanu ne daga Gazara.

"Kawu, kashin shanu ba ya zuwa da ledar kasuwa."

Sai ya faɗi gaskiya. Duro arba'in na dagwalo ya kwasa, yana zaton tankin zai sake cika. Bai san dagwalon ne ran gas ɗin ba. Da injin ya mutu, ruwa ya taru, sai ya buɗe ƙofar da ke zuba rafi don kada a gane.

"Jiya ka zo asibiti da lemo," ta ce. "Ka shafa kan Ummulhairi, ka ce Allah ya sawwaƙe. Kuma ƙofar tana buɗe."

"Naja'atu, ni ne fa."

"Na sani, Kawu. Shi ya sa ba zan iya da hannuna ba."

Ta juya baya. Kofur ɗin da ya rako ta ya sa masa ankwa, ita kuma ta buga wa Yahuza waya ya rufe ƙofar yanzu.

Ke uwa mai karanta wannan, in ruwa ya canza wari, kada ki jira bayanin kowa, ko da wanda ya goya ki ne. Tafasa shi tukuna.