Wankin Inna a Kan Eriya

"Kai, Yaya Tanko, ka tafi ka bar ni da aiki!" in ji wani saurayi a wani gari. Yayan nasa ya rasu, ya bar masa rediyon hira da abokan nesa.

Ya ja wayar eriya daga gora zuwa katanga. Inna ta shanya wanki a kai, rediyo sai shuuu. Ya kwashe, ta shanya. Ya kwashe, ta shanya.

"Haba Inna, ba igiya ba ce!"

"To ina igiyar, sarkin ƙorafi?"

Ya haɗiye fushi, ya tuƙa mata igiya. Sai ga murya raɗau daga bayan duwatsu: wani abokin yayan nasa ne: "Tanko, kwana biyu!"

Ya riƙe abin magana, ya mayar ya ajiye. Har yau bai faɗa wa abokan cewa Tanko ya rasu ba.