Ruwan Baƙo a Bayan Tarauni

Ni Maje, duk Gyadi-Gyadi an san bakina ba ya hutawa. Ko zaman makoki na je, can gefe ake ajiye ni, don kar in sa masu kuka dariya. Amma wannan labarin, duk sanda na ɗauko shi sai in ga idona ya koma ƙasa.

Lokacin ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba. Ina jan tankar wani kamfanin rinin atamfa. Aikina ɗaya ne: in sun gama rini, sai a ɗura mini ruwan da ya rage in fita da shi. Ruwa ne baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, da zafinsa, ga soda a ciki. Warinsa kamar an dafa ruɓaɓɓen ƙwai da sabulu. Na kuwa san halinsa. Ya taɓa cinye wa wani lebura takalmin roba har ya tarar da fata. Akuyar maigadi ta ɗan lasa da safe, kafin la'asar an ja ta an yar, ko yankawa ba a samu yi ba.

Helumanmu Ɗahiru, mai raba mana aiki, ya ce mini, "Kai shi bayan gari, Maje. Ko'ina ne, in dai ba ƙofar gidan wani ba."

Sai na samo wani kududdufi a bayan Tarauni, ta hanyar Darmanawa, tsakiyar gonakin dawa. Ga shi kusa da gida. In na juye, sai in biya in ci tuwon matata Rabi da zafinsa.

Ranar, ƙarshen damina ne, na makara. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Na yi ribas har bakin ruwa, na jefa tiyo, na murɗa famfo.

Tun ina yaro tsohuwata ta kafa mana doka: ba a zubar da ruwan zafi da almuru, in kuma ya zama dole a yi bismillah, don masu wurin su janye 'ya'yansu. A gida, ko ragowar ruwan wanka zan watsa a kwata sai na yi. Amma tanka? Wa ya taɓa yi wa tanka bismillah? Wannan aikin kamfani ne. Ban taɓa haɗa su a raina ba.

Ruwa ya yi ta kwarara, tururi na tashi. Har ina waƙa.

Da ya ƙare na rufe famfo, na shiga mota, na murɗa makulli. Shiru. Na sake murɗawa. Ko tari ba ta yi ba.

A nan na lura ba kukan kwaɗo. Kududdufi guda, ƙarshen damina, amma ko kwaɗo ɗaya. Ganyen dawa ma ya daina motsi. Can nesa, wajen Unguwa Uku, ladan ya fara kiran magariba, muryar kamar daga cikin tulu.

"Sannu da aiki, direba."

Wata tsohuwa ce tsaye jikin ƙofar motar. 'Yar ƙarama, ta lulluɓa da zane. Ban ji takunta ba.

Bakin nan nawa dai. Na ce, "Yauwa Inna. Ko za ki tura mini ne? Na ga alamar kin fi batirin nan ƙarfi."

Ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce, "Maigida ya ce kullum kana zuwa ƙofarmu, ba mu taɓa ba ka ko ruwa ba. Abin ya dame shi. Ka shigo."

Na waiga. Ga dangar kara, ga ƙofa, ga hayaƙi na tashi a ciki. Sau nawa ina zuwa wurin nan, ban taɓa ganin gida ba. Amma tsohuwa ta kira ka, a matsayin uwa, sai ka ce mata me? Na sauko na bi ta.

Ƙasar gidan ta jiƙe. Ɗumi na ratso takalmina.

Abin da na ɗauka hayaƙin girki ne, ashe tururi ne. Warin kuwa na san shi. Shi ne a rigata.

An shimfiɗa tabarma. Wani dattijo na zaune, gemunsa rabi fari, rabi shuɗi. Ya miƙo hannu muka gaisa. Tafinsa sulɓi, ba fata a jiki.

"Maraba da baƙo. Zauna, Malam Maje."

Ban gaya masa sunana ba.

Na zauna. Idona ya fara sabawa da duhun. Jikin dangar akwai zane baƙi ya zagaye gidan, daidai ƙirjin mutum, irin alamar da ambaliya ke bari. Mata na zaune a rakuɓe, kowacce daga ƙirji zuwa ƙasa ta rine. Suna ta fifita wasu abubuwa da aka jera a kan tabarma.

Na ɗauka dankali ne aka dafa aka shanya.

Sai ɗaya ya motsa ƙafa.

Yara ne. Fatarsu ta saɓule. Ba mai kuka a cikinsu. Kallona kawai suke.

Dattijon ya ce, "Ka yi haƙuri, ka same mu gida a hargitse. Ba su ji sanarwa ba ne, suna wasa a tsakar gida."

Ɗis. Ɗis.

Na ɗaga kai. Ba rufi, ba sama. Wani abu ne baƙi yana lilo a kanmu, kamar fuskar ruwa in ka kalle ta daga ƙasa. Ta cikinsa bakin tiyona ya leƙo. Yana ɗiga a cikin randarsu.

Tsohuwar ta buɗe randar. Ta ɗebo a ƙwarya. Ta durƙusa har ƙasa ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ga ruwa, baƙo."

Yana tururi.

Dattijon ya sunkuyar da kai. Wallahi shi ne ya sunkuyar, ba ni ba. Ya ce, "Mun ji kunya. A da muna da mai daɗi, har makiyaya na yabawa. Yanzu shi ke nan abin da muke sha. Kar ka raina."

Da zagina ya yi, da na samu abin faɗa. Da shaƙe ni ya yi, da na yi ihu. Amma haƙuri yake ba ni.

Na tuna akuyar maigadi.

Duk gidan an zuba mini ido. Baƙo ba ya mai da ruwa. In na ƙi, na ce abin da na kawo musu bai isa shiga bakina ba. In na sha, Rabi ta yi takaba.

Na karɓa.

Na kai baki. Leɓena ya taɓa. Kamar garwashi.

Bakina da kansa ya yi abin da ya saba yi kafin shan ruwa.

"Bismillahi."

Ɗif.

Ba danga. Ba tabarma. Ina tsaye tsakiyar kududdufi, ruwa iya ƙirjina, da ɗuminsa, laka na jan ƙafafuna. Ƙwaryar na hannuna.

Sai na ji muryar tsohuwar daf da kunnena, ƙasa-ƙasa.

"Ashe ka iya."

Ban san yadda na fito ba. Takalmi ya zauna a laka, wando ma ya bi shi. Tanka na bar ta nan. Haka na keta gonaki na shigo Gyadi-Gyadi daga ni sai 'yar shara da ƙwaryar nan a hannu, mutane na fitowa daga masallaci. Suka kwashe da dariya, wai Maje ya ƙirƙiro sabon wasa.

Rabi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta yi ta sheƙa mini ruwa har randa ta ƙare. Na yi makonni a kwance, fata na saɓulewa.

Da na warke na gaya wa Ɗahiru. Ya riƙe ciki yana dariya. "Kai Maje, Allah ya shirye ka! Aljanun ma har da randa?" Sai ya kalli leɓena, inda ya rine shuɗi ya ƙi fita, ya daina dariyar. Manoman Tarauni kuma dama sun kai ƙara wurin duba-gari, shanu sun ƙi shan ruwan, dawar bakin kududdufi ta ƙone. Ba a jima ba kamfani ya haƙa ramuka ya shafe su da siminti. A nan ruwan ke hucewa, dattin ya kwanta, a zuba masa magani kafin a sake shi. Na ajiye makulli na ce a mai da ni can. Shebur nake riƙewa yanzu.

Ƙwaryar kuwa, Rabi ta wanke ta tas. Ta ce, "Ba a mai da kwanon mutane ba komai a ciki." Ta cika ta da ruwan famfo.

Na kai da la'asar sakaliya. Na ajiye a bakin kududdufin, na yi sallama.

Ba a amsa ba.

Na sake yi. Wani manomi da ke wucewa ya ce, "Malam, wa kake wa sallama? Ai nan ko kwaɗo ya tashi."

Na ce masa na sani. Ni na tashe su.