Katin Bas a Cikin Fata

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a, Alhaji Zailani, mai ɗinkin manyan riguna a Ƙofar Doka, ya tarar an ɓalle tagar shagonsa an yi gaba da wata riga mai aska takwas da ake dab da gamawa. Kafin la'asar Insfekta Ƙasimu ya iso.

Insfekta Ƙasimu mutum ne mai sanyin hali, har abokan aiki na tsokanarsa wai sai ya tambayi ɓarawo lafiyar iyali kafin ya kama shi. Amma duk ofishin babu mai idonsa.

A gindin tagar aka tsinci katin bas, irin wanda kamfanin Haɗin Kai ya fito da shi a shekarar nan ta 1989. Mutum ya biya kuɗin shiga da yawa a dunƙule, duk shigar da ya yi kwandasta ya huda katin. Wannan ya sha huji, kuma a bayansa an rubuta Adamu.

"Wane ne Adamu?"

"Sabon ma'aikacina ne, yallaɓai," in ji Alhaji. "Daga ƙauye ya zo. Ni na saya masa katin don a Kufena yake kwana. Ka ga sakayyar da ya yi mini."

Ga Adamu nan tsugune, jama'a sun yi masa zobe. Magidanci ne da gona ta ƙi shi, ya baro iyali ya zo neman na tuwo. In aka ɗaure shi yau, ya rasa aikin, ya rasa fuskar komawa gida.

Insfekta bai dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ya duba. Duk faso, takalmin roba ya cinye har ƙasa. Mai shiga bas kullum ba ya irin wannan ƙafa.

"Malam Adamu, ina katinka?"

"Ga shi a wuyana, ranka ya daɗe."

Ya zaro wata laya, ɗinkin jar fata. Mutane suka kwashe da dariya. Insfekta bai yi ba.

"Alhaji ya ce in adana shi, kada ya jiƙe. Mu a garinmu takarda mai daraja baduku ake kai wa."

"Ka taɓa shiga bas da shi?"

"Sau ɗaya na nuna layar, kwandasta ya sauke ni. Na ji kunyar gaya wa Alhaji ya yi asara, sai nake sammako da ƙafa."

Alhaji ya tuna bawan Allahn nan bai taɓa makara ba. Adamu ya burge Insfekta ƙwarai.

A tasha, Insfekta ya nuna wa wani kwandasta mai suna Yakubu katin da aka tsinta.

"Kowane layi da irin hujinsa, yallaɓai. Na Kufena zagayayye ne. Wannan mai kamar tauraro na Ƙofar Jatau ne."

Insfekta ya juya wurin Adamu, wanda ya taho da shi. "A ina badukun naka yake?"

"Ƙofar Jatau. Bala sunansa."

Sun tarar da Bala a zaurensa yana yankan fata. Ya tarbe su da fara'ar da ta yi yawa.

"A gabansa na ɗinke katin, yallaɓai. Ni ko hanyar shagon Alhaji ban sani ba."

"Haba Malam Bala," Adamu ya ce a hankali. "Cewa ka yi in bari ya kwana. Da kanka ka kawo mini shago, har ka yaba rigar."

"Ara mini wuƙarka," in ji Insfekta.

Ya karɓi layar ya farke ɗinkin. Guntun kwalin sukari ya faɗo ƙasa.

Ba a sha wahalar bincike ba, rigar na nan a ƙarƙashin tarin fatu. Bala ya zube ƙasa.

"Sharrin shaiɗan ne. Na san ba a buɗe laya, na san shi ba zai taɓa buɗewa ba. Da katin nake yawona. Ina haura tagar ya faɗi."

"Ya ba ka amana, ka bar shi yana taka ƙasa," in ji Insfekta, ya sa masa ankwa.

Motar ofis ta lalace tun makon jiya, don haka a bas aka tafi da Bala. Adamu ya tsaya a bakin ƙofar bas ɗin yana jiran a kore shi. Insfekta ya miƙa wa kwandasta nasa katin, ya ce a huda har da na baƙonsa.

Da ƙarfen huda katin ya ce ƙas, Adamu ya zabura.

"Ya ɓata maka shi, ranka ya daɗe!"

"Don haka aka yi shi, Malam Adamu. Shigo ka zauna, ƙafafun nan sun gaji."